Na Fasa Zauren Baba Saboda Mota

Motar ja ce, ta hannu, amma wanda ya riga ni hawanta bai wahalar da ita ba. Ranar da na tuƙo ta daga Katsina zuwa Dutsin-Ma sai da na zagaya ta bakin kasuwa sau biyu, ba don ina da abin saye ba, don dai a gan ni. Shekaru kusan ashirin ina cin alli a makarantar sakandare, ina hawa bayan ɗan acaɓa da littattafan yara a cinya, ɗaliban da na koya wa ƙidaya suna wuce ni a motocinsu suna ɗago mini hannu. To, ni ma na yi. Duk wanda zai ce alfahari ne ya faɗa, ban musa ba. Daɗi na ji har cikin ƙashina.

Daɗin bai kai ni ƙofar gida ba. Gidanmu a tsakiyar gari yake, a kan wata hanya da kakanninmu suka bari don mutum da jakinsa. Mota ɗaya tana wucewa in direban ya iya hannunsa, biyu kuwa sai an yi zage-zage. Tun da aka buɗe jami'a garin ya cika ya batse, duk mai bango a bakin hanya ya huda shi ya yi shago. Ga mai cajin waya, ga mai aski, ga mai awara da kaskonta, ga 'yan ga-ruwa da kurarsu tun safe har magariba. Na tsaya a ƙofar gidan ubana da mota, 'yan acaɓa sun yi layi a bayana, na rasa inda zan kai ta.

Na manna ta da bango, taya biyu a bakin kwata. Kwana biyu da zuwanta na fito na tarar da akuyar maƙwabta a kan bonet tana tuƙa, ko kallona ba ta yi ba. Kwana na huɗu wani ɗan ga-ruwa ya ja mata layi da kurarsa tun daga ƙofar baya har fitila, ya ce, “Malam, yi haƙuri,” bai ko tsaya ba. Ɗan acaɓa ya tafi da madubin hagu. Wani yaro kuma ya sami ƙusa ya rubuta mini baƙaƙen da aka koya masa a makaranta a jikin but, kuma wallahi rubutun ya yi kyau, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ga kira. Da na sa hannu a tuwo sai in ji an ƙwala daga waje: “Mai jar mota! A zo a gyara!” In wanke hannu, in fita, in matsa gaba, a wuce da buhunan siminti, in dawo da baya, in tarar tuwon ya huce.

Sai na koma ajiye ta a wani gidan mai can bakin titi, in tako gida da ƙafa. Nan ma ban tsira ba. Mutum da motarsa yana tsallake kwata da takalmi sau-ciki, masu shago suna leƙowa: “Malam, ina motar? Ko an kai ta kiwo ne?” Wata safiya na je na tarar an shanya mata wanki, har da gajeren wando a kan gilashi. Wata safiyar kuma tanka biyu sun sa ta a tsakiya, direbobin sun tafi shan shayi, na makara, shugaban makaranta ya yi mini magana a gaban yara. Ni mutum ne mai saurin fushi, ban taɓa ɓoyewa ba, a lokacin nan kuwa ko gaisuwa aka yi mini sai in ji kamar zagi ne.

A ɗakin malamai nake wannan ƙorafi, sai wani abokin aikina ya ɗago kai daga makin da yake yi ya ce, “Ku ba ku da zaure ne? Fasa shi ka sa get mana. Ai kowa haka yake yi yanzu.”

Muna da zaure. Kakanmu ne ya gina shi da tubali, bangonsa ya kai kamu biyu kauri, ko a tsakiyar bazara ka shiga sai ka ji sanyi ya sauko maka. Kuma akwai mutum a cikinsa, shi ne Baba, mahaifina. Tun da yanar ido ta rufe masa gani, mahaifiyarmu kuma ta rasu, a nan yake wuni a kan buzunsa, daga hantsi har magariba, ban da fita masallaci. Tufkar igiya yake yi, ta rama da ta zaren buhu, ya ɗaure bakin igiyar a babban yatsan ƙafarsa yana murzawa a tafin hannu, ba ya buƙatar ido. Ladanin unguwa yana zuwa, da wani tsohon mahauci, da wanzamin da ya yi mini kaciya. Ranar kasuwa makiyaya daga Kuki da Karofi sukan biyo su sayi igiyar ɗaure dabbobi, su zauna su sha ruwa, su ba shi labarin inda aka yi ruwa da inda ba a yi ba. Sai kuma babban amininsa, mutumin Kurfi, wanda suka yi fataucin shanu tare a ƙasa tun suna samari. Baffa nake ce masa. Duk ranar kasuwa sai ya zo, ko da ba shi da abin sayarwa, su zauna suna yi wa juna tsiya kan wanda ya fi wani tsoron kura a zamanin da. Duk wanda ya wuce ta hanyar nan sai ya leƙa ya yi sallama, Baba kuwa da murya yake gane kowa, har ya tambaye ka jikin uwarka.

Ban nemi shawararsa ba, sanar da shi na je yi. Na durƙusa bayan la'asar da mutane suka watse, na ce, “Baba, zauren nan ya tsage. In damina ta zo zai iya faɗo maka. Gara a sauke shi a yi na bulo.”

Ya ajiye igiyar. Ya ce, “Ya tsage? Kama hannuna ka nuna mini.”

Na kama hannunsa. Na ɗaga shi tsaye, na kai shi kusurwar gabas, na ɗora yatsunsa a kan wata 'yar tsaga ta yaɓe, irin wadda duk shekara ake shafe ta da kwano ɗaya na laka. Ya bi ta da yatsa sama da ƙasa. Ya san bangon nan fiye da yadda na san fuskata, na tabbata ya gane. Ya daɗe hannunsa yana wurin, sannan ya ce, “Motar ce za ta shigo?”

Na ce, “Har da ita, Baba. Kai kuma zan gyara maka ɗaki a ciki, da fanka da katifa.”

Ya ce, “To. Gidanka ne yanzu.” Ya laluba ya koma kan buzunsa.

Matata ce kaɗai ta yi magana. Tana tankaɗe a tsakar gida ta ce, “Malam, in ka mayar da Baba ciki, wa zai shigo wurinsa?” Na san abin da take nufi sarai. Gidan akwai ita, akwai matar ƙanena wanda yake aiki a Kudu. Namijin da ba muharrami ba iyakarsa zaure, ko shekarunsa ɗari, haka muka taso muka gani. Ladan ba zai ƙetare ba, mahauci ba zai ƙetare ba, Baffa kansa da ya yi shekara hamsin yana zuwa gidan bai taɓa ganin tsakar gidanmu ba tun da aka kawo surukai. Na sani. Na ce mata, “Ke dai ki ji da tukunyarki.”

Kwana biyu aka yi ana rushe shi. Birkilan da na kira sai da ya zagaya ginin yana taɓa bango, ya ce, “Malam, wannan fa lafiyarsa ƙalau,” na ce ba tambayarsa na yi ba. Baba yana zaune a tsakar gida a gindin bango yana jin diga, duk saran da aka yi sai ya ɗan juya kai wajen. Aka kwashe ƙasar a kura aka kai wani kududdufi. Aka ja bulo, aka zuba siminti a ƙasa, mai walda ya kawo get shuɗi mai 'yar ƙaramar ƙofa a jiki. Har dakalin ƙofar gida na sa aka fasa, don yana hana ni karya kan mota. Ranar da na shigar da ita na ja get na sa sakata, na tsaya ina kallonta a inuwa, ba akuya, ba kura, ba mai kiran mai jar mota. Na ci tuwona da zafinsa.

Ɗakin Baba kuwa na yi masa fenti, na sa fanka, na sa labule, duk wanda ya tambaye ni sai in lissafa masa. Abin da ba na faɗa shi ne ɗakin yana jikin madafa. Dattijon da bai taɓa wuni cikin mata ba ya koma jin daka da kukan yara da hirar kishi da anko tun safe. Surukansa suna jin kunyarsa, ba su iya cire mayafi, ba su iya dariya da ƙarfi. Shi ma yana jin kunyarsu, ba ya iya cin abinci sai ya saki labule, in zai kewaya sai ya yi ta gyaran murya kafin ya fito. Abokansa suka zo a makon farko. Sallama ba ta ratsa ƙarfe, sai su yi ta bugun get da sanda. A riƙo hannun Baba a fito da shi, su tsaya a bakin hanya cikin rana, acaɓa na goga musu riga, ba wurin zama. A gaisa a tsaye, a ce sai an jima. Mahaucin ne ya fara ɗauke ƙafa, sai wanzami. Makiyaya suka zo ranar kasuwa suka ga get, suka ɗauka an sayar da gidan, suka wuce. Baba ya daina tufka. In na leƙa gaishe shi da safe sai in same shi zaune a bakin katifa, da hularsa da sandarsa, ya shirya tsaf, ba inda za shi.

Matata ce ta samo dabara, ba ta gaya mini ba. Da na fita da mota da safe sai ta sa a buɗe get ɓangare ɗaya, a rufe baƙin man da ya ɗiga a siminti da kwali, a shimfiɗa tabarma, a ɗora buzu. Baba ya fito ya zauna. Wurin ba sanyi, kwanon rufi yana dukan kai, ga warin fetur, amma yana jin hanya, masu wucewa suna yi masa sallama. Cikin kwana kaɗan ladan ya dawo, mahauci ya dawo, igiya ta koma yatsan ƙafa.

Ni kuwa ƙarfe huɗu nake dawowa, daidai lokacin da aka fito daga la'asar, zama ya yi daɗi. Ranar farko da na karyo kwana na ga tsofaffi biyar a garejina sai na taka burki, na fito, na durƙusa na gaishe su. Suka ce, “A'a, Malam ya dawo,” suka tashi da kansu suka naɗe tabarma. Rana ta biyu ma haka. Rana ta uku ban fito ba, don 'yan acaɓa sun taru a bayana, wani yana dukan but da tafin hannu yana cewa ko ubana ne ya shimfiɗa hanyar. Sai na ɗan taɓa hon, sau ɗaya, a hankali. Suka tashi.

Daga nan ya zama ƙa'ida. In karyo kwana, in danna, su fara tattara butoci da takalma. Ina zaune a ciki, gilashi a rufe, ina kallon ladan yana dafa gwiwa yana miƙewa da ƙyar, mahauci yana jan tabarma, Baba yana lalube a ƙasa yana neman sandarsa. Masu shago suna kallo. Mai awara takan juya baya. Zan faɗi gaskiya tun da na ɗauko faɗa: ba kunya kaɗai nake ji ba, har da wani ɗan daɗi. Mutanen da suka yi mini tsawa ina yaro, wanda ya riƙe ni aka yi mini kaciya, yau ga su suna tashi saboda na iso. In sun yi jinkiri sai in ƙara dannawa.

Ranar da abin ya ƙare ranar kasuwa ce. Na wuni a layin mai, na dawo da rabin abin da na je nema, rigata ta jiƙe sharkaf, ga wata tifar yashi ta biyo ni tun daga titi tana hura mini iska a ƙeya. Na karyo kwana na ga garejin ya fi kullum cika. Baffa ya zo daga Kurfi, ga wasu makiyaya biyu da sandunansu a kafaɗa, an miƙe wata doguwar igiya tun daga yatsan Baba har bakin get, ɗaya daga cikinsu yana aunawa da gaba. Dariya suke yi. Baba har da buga cinya, rabon da in ga haƙoransa tun kafin a rushe zauren.

Na danna hon. Suka fara tashi. Baba ya sunkuya yana kwance igiyar daga yatsansa, ƙullin ya ƙi. Mai tifa ya danna nasa, wanda ya fi nawa sau goma. Sai na kwantar da hannuna a kan hon ban ɗaga ba, na saki burki, motar ta fara shiga a hankali. Makiyayan suka yi tsalle gefe. Na ji taya ta taka wani abu ya fashe, butar Baba ce, ruwan ya bi ƙarƙashin tabarma. Ban tsaya ba sai da hancin motar ya kai gefen buzun, tsakaninsa da gwiwar Baba bai fi taki ɗaya ba. Ya ji zafin injin a fuskarsa, ya ɗaga hannu ɗaya yana kare kansa.

Baffa ya zagayo ya buga gilashi da ƙashin yatsa. Na sauke. Ya sunkuyo ya ce, “Kai! Ubanka ne fa.”

Na ce, “Na sani, Baffa. Ai na yi masa ɗaki har da fanka. Nan wurin mota ne, ba wurin zaman kashe wando ba.”

Da ƙarfi na faɗa, don hon ɗin tifa bai tsaya ba, sai kuma ya tsaya daidai lokacin da nake faɗa. Kowa ya ji, har mai cajin waya da ke tsallaken hanya. Ɗaya daga cikin makiyayan ya ce, “Subhanallahi,” ya dubi ƙasa.

Baba ya samu ya zare igiyar. Ya rarrafa da hannu da gwiwa yana neman takalmansa, suna ƙarƙashin mota, bai same su ba. Ya dafa bango ya miƙe, ya bi bangon da tafin hannu har ƙofar shiga cikin gida, ya shige ba takalmi, gindin rigarsa a jiƙe. Ni kuma na gyara tsayuwar motar, don ta ɗan karkace, na ja get.

Matata ba ta yi mini magana ba ranar nan, ta ajiye abinci ta fita. Da safe na leƙa gaishe da Baba ya amsa kamar kullum, har ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na ce a raina shi ke nan, ya wuce. Bai sake fitowa gareji ba duk makon, ni kuma na riƙa shigowa ba tsayawa, na ce ashe ma abin da sauƙi.

Ranar kasuwa ta zagayo. Na dawo na tarar da labulen ɗakinsa a ɗage, an naɗe katifa, fanka a kashe. Matata tana tsaye a ƙofar madafa, idonta ya kumbura. Ta ce Baffa ya zo da hantsi da ɗan acaɓa, ya aiko a ce yana sallama. Baba ya sa ta haɗa masa rigunansa a buhu, da buzunsa, da ragowar rama. Ya sa musu albarka ita da matar ƙanena, ya shafa kan yara ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗora shi a tsakiya, Baffa a baya yana riƙe da shi, suka tafi Kurfi.

Na ce, “Bai bar mini saƙo ba?”

Ta ce, “Ya ce a gaya maka an kashe fankar.”

Na ce fushin tsofaffi ne, kwana uku zai dawo. Mako ya wuce, biyu, uku. A masallaci ba wanda ya tare ni da maganar, sai dai in mun yi sallama ladan ya juyo ya ce, “Malam, ya jikin Baba?” alhali ya fi ni sanin inda yake, don ya je har can ya gan shi. Masu shago suka daina yi mini ba'a, kuma wallahi na fi son ba'ar. Ƙanena ya kira daga Kudu ya zage ni tas, na zage shi, na ce in yana da zaure a can ya zo ya ɗauke shi.

Sai da wata ya cika na shirya wata Asabar da safe. Na wanke motar, na sayi goro da lemo da sabon takalmi, na kama hanyar Kurfi. A unguwarsu Baffa fili har ya yi yawa, ka ajiye mota inda ka ga dama, ba mai ce maka gyara. Zauren nasa ƙarami ne, na ƙasa, bai kai rabin namu na da ba, ga kashin awaki a bakin ƙofa. Na yi sallama na shiga. Baba yana kan buzunsa, igiya a yatsa, mutum shida a kewaye da shi, waɗanda ban ma sani ba. Ya yi ƙiba kaɗan.

Na durƙusa. Ya gane muryata tun daga sallama. Ya ce, “Maraba da Malam. Ya hanya? Ya iyali? Ya aiki? Ya yaran makaranta?” Ya bi gaisuwar nan tiryan-tiryan, irin wadda ake yi wa baƙon da ake girmamawa, bai tsallake ko ɗaya ba. Na tura masa ledar tsaraba, ya ce an gode, Allah ya ƙara buɗi, ya sa aka miƙa wa Baffa. Mutanen suka fahimci akwai magana, suka fita ɗaya-ɗaya. Baffa bai fita ba, zaurensa ne.

Na ce, “Baba, na yi kuskure. Ka yafe mini, ka zo mu koma gida. Mutane suna ta magana.”

Ya ce, “Yafiya na yafe tun ranar. Mi zan riƙe ka da shi?”

Na ce, “To mu tafi. Zan yi maka rumfa, in sa benci.”

“A ina?”

Ba inda za a kafa rumfa a hanyar nan, ni da shi duk mun sani.

Ya ci gaba da murza igiyarsa. Can ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, “In na koma, za ka fitar da ita?”

Abin da ɗa zai ce a nan kalma ɗaya ce, ko yaro ya san ta. Ina durƙushe a gabansa, kalmar tana bakina. Amma sai na ga layin da kura ta ja mata, na ga madubin da aka karya, na ga kaina ina tsallake kwata ana tambayata ko an kai ta kiwo. Na fara tunanin ko gidan man nan zai yarda a ba ni gefen da tanka ba ta tsayawa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai ji Baffa ya ja numfashi ya juya fuskarsa wajen ƙofa.

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce, “To, shi ke nan. Tashi ka tahi, rana tana dukanta a waje.”

Na ce, “Baba, ba haka ba ne, ina dai duba yadda…”

Ya ce, “A gaida yara.”

Na tashi. Na ji haushi, wannan ma gaskiya ce, haushi na fara ji kafin kunya. Duk hanya ina faɗa ni kaɗai a mota, ina cewa tsufa ne, rigima ce, me ya rasa a gidana, wane ɗa ne a unguwar ya sa wa ubansa fanka. Na ƙudurta zan bar shi ya huce, in koma bayan damina da magana a shirye. Na koma sau biyu a tsakani, na kai hatsi, muka gaisa irin waccan gaisuwar. Bai sake tambayata ba, ni ma ban tayar ba.

Ana cikin yankan gero ya rasu. Ina aji da hantsi aka kira ni a waya, zazzaɓin kwana biyu ne. Kafin in isa Kurfi an yi masa wanka, ana ɗinka likkafani a zauren. Na shiga na gan shi, na fito na sami Baffa a gindin bango. Na ce, “Baffa, a sa shi a mota mu tafi Dutsin-Ma. A ƙofar gidansa ya kamata a sallace shi, a can za a yi zaman makoki. Kusa da mahaifiyarmu za a sa shi.”

Ina cikin magana wata bas ta tsaya. Mutanen unguwarmu ne, ladan da mahauci da wanzami, har da mai cajin waya. Haya suka ɗauko, alhali sun ga fitata da mota lokacin da na biya ta gida, kujeru huɗu ba kowa, ba wanda ya ce in tsaya. Suka sauko suka nufo mu. Na gyara tsayuwa na miƙa hannu. Ladan ya wuce ni ya kama hannun Baffa da hannu biyu ya ce, “Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, Allah ya saka maka.” Sauran suka bi bayansa. Sai da suka gama da shi sannan suka juyo gare ni, a gajarce.

Da suka shige zauren na sake cewa, “Baffa, maganar tafiya da shi.”

Ya share ido da bakin rawaninsa. Ya ce, “Ya bar wasiyya shekaranjiya, a gaban mutum uku. Ya ce a yi komai a nan.”

Na ce, “Saboda me? Yana da gida, yana da ɗa.”

Baffa ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne. Ya ce, “Cewa ya yi kada a wahalar da kai. Ba ka da inda za ka zaunar da mutane.”

A ƙofar Baffa aka sallace shi, a Kurfi aka binne shi. Kwana uku aka yi ana karɓar gaisuwa a zauren nan, ni ina zaune daga bakin ƙofa, duk wanda ya shigo sai an nuna masa ni an ce ga ɗansa can.